Ƙosawa da Karatu a Babbar Sakandare: Daga Ina Take Tasowa, Ta Ina Himma Take Dawowa

A kusan kowane aji na babbar sakandare akwai wani irin ɗalibi da malamai suka sani sarai. Yaro ne, ko yarinya, da ta shigo aji huɗu da kuzarinta, littattafanta tsaf, hannunta kullum a sama in an yi tambaya. Kafin a kai tsakiyar aji biyar sai a ga ta koma kujerar baya. Ba ta fashi, ba ta rashin kunya, amma gangar jikin ce kawai a ajin. In an ba da aikin gida sai ta kwafa a wurin ƙawa da safe kafin a kaɗa ƙararrawa. In malami ya matsa mata ta ce, "Wallahi Malam, karatun ne ba ya shiga." A gida kuwa an riga an yanke hukunci: ko ta lalace, ko waya ce ta ɗauke mata hankali, ko samari ne, ko kuma da sa hannu. Abin da wannan nazari yake son nunawa shi ne, sau da yawa ba ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Ƙosawa ce, kuma tana da sababi da za a iya nunawa da yatsa, tana da hanyar fita da ba ta bi ta kan faɗa ko bulala ba.

Dole a fara da raba ta da lalaci, domin a nan ake yin kuskuren da yake haifar da sauran. Malalaci bai taɓa ɗaura ɗamara ba balle ya kwance. Wanda ya ƙosa kuwa ya ɗaura, ya yi iya yinsa, sai ya wayi gari ba shi da sauran abin bayarwa. Wannan ma shi ne abin da ya fara jan hankalin masana. A shekarar 1974 wani masanin halayyar ɗan'adam mai suna Herbert Freudenberger, wanda yake aikin sa kai a wani asibitin kyauta na masu fama da shaye-shaye a birnin New York na Amurka, ya rubuta abin da ya lura da shi a jikin abokan aikinsa. Waɗanda suka fi kowa zage damtse su ne, bayan kimanin shekara guda, suke komawa gajiyayyu, masu saurin fushi, masu kallon marasa lafiyar da suka zo taimaka wa kamar wani nauyi. Bayansa Christina Maslach ta Jami'ar Kalifoniya a Berkeley, tare da Susan Jackson, suka fitar da ma'aunin wannan hali a 1981, suka kasa shi gida uku: ƙarewar ƙarfi, da yanke ƙauna daga aikin har mutum ya riƙa ganin ba shi da amfani, da kuma jin cewa shi kansa bai iya komai ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace shi a kundinta na rabe-raben cututtuka, amma ta ce ba cuta ba ce a karan kanta, wani hali ne da matsin wurin aiki yake haifarwa in ya daɗe ba a magance shi ba.

Hukumar ta taƙaita maganarta ga ma'aikata. Masu binciken ilimi kuwa sun daɗe da cewa makaranta ita ce wurin aikin ɗalibi: akwai lokacin zuwa da na tashi, akwai na sama da shi, akwai abin da ake jira ya kawo. Katariina Salmela-Aro da abokan aikinta a ƙasar Finlan sun fitar da ma'auni na musamman domin 'yan makaranta a 2009, suka tarar da waɗannan alamu uku a jikin matasa. Abin lura ne cewa a Finlan aka yi wannan, ƙasar da ake buga misali da kyawun makarantunta. In har yaron da yake aji mai ɗumi, da abincin rana kyauta, da malami ƙwararre, yana iya ƙosawa, ina ga namu?

Alamun uku kowa ya taɓa jin su da kunnensa a bakin yara. Ta farko ita ce, "Kaina ya cushe, ko na buɗe littafi barci nake ji." Ta biyu, "Wai duk wannan wahalar ta mece ce? Wa ya gama ya samu aiki?" Ta uku kuma, wadda ta fi ciwo, "Ni dai ba ni da ƙwaƙwalwa." Yawanci gajiyar ce take fara zuwa, sai yaro ya ja da baya domin ya kare kansa, ja da bayan ya jawo faɗuwa, faɗuwar kuma ta tabbatar masa da abin da yake zargin kansa da shi.

A ɗauki yinin wata ɗaliba 'yar aji shida mai jeka-ka-dawo a birni kamar Kano ko Zariya, a lissafa shi. Ta tashi sallar asuba. Kafin gari ya waye sosai ta share tsakar gida, ta hura wuta ta ɗora ruwan koko, ta yi wa ƙanne biyu wanka. Ta fita neman Adaidaita Sahu, ta isa makaranta da ƙyar kafin a rufe ƙofa. Ana tashi wajen ƙarfe biyu, amma 'yan aji shida sai su tsaya darasin ƙari har kusan la'asar. Daga nan ta sauya hijabi ta nufi Islamiyya, inda ita ma akwai hadda da ake jira ta kawo. Ta dawo ana kiran magariba, ga tuwon dare, ga wanke-wanke. Sai bayan isha'i take samun zama da littafi, in babu wuta ta haska da fitilar waya, ta yi ta gyangyaɗi a kan shafi guda har sha ɗaya ko sha biyun dare. In aka haɗa, barcinta bai wuce awa biyar ko shida ba. Ɗan'uwanta namiji ba a ɗora masa girki, amma akwai jiran shago, ko gareji, ko gona in damina ta faɗi.

Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka, a matsayar da ta fitar a 2016, ta ce matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10 a kowace rana. Binciken Mary Carskadon ta Jami'ar Brown kuma ya nuna cewa da zarar yaro ya balaga, lokacin da jikinsa yake neman barci yana matsawa zuwa can cikin dare, ba da son ransa ba. Ga shi kuma a lokacin barci ne ƙwaƙwalwa take daidaita abin da aka koya da rana ta adana shi. To a dubi abin da ake yi a makarantun kwana idan jarrabawa ta ƙarato: a ci goro, a sha kofi mai kauri, a tsoma ƙafa a bokitin ruwan sanyi, a ce yau sai asuba. Yaro yana ganin ya yi bajinta, alhali ya hana kansa abin da zai sa karatun ya zauna. Rijiya ce ake ta ja ba a bari ta tsattsafo, har guga ya fara fitowa da laka.

Ba ina cewa laifin Islamiyya ba ne, ko na aikin gida, ko na darasin ƙari. Kowanne da hujjarsa, kuma babu wanda za a ce a jefar. Matsalar ita ce kowane mai iko da yaron rabonsa kawai yake gani. Malamin boko yana ganin awa shida nasa, malamin Islamiyya yana ganin biyu nasa, uwa tana ganin ɗan taimakon da ake yi mata bai taka kara ya karya ba. Babu wanda yake zama ya haɗa jimla, sai yaron da yake ɗauke da ita, shi kuma ba a tambayarsa.

Sai dai yawan aiki shi kaɗai bai isa ya bayyana lamarin ba. Mun san masu aikin da ya fi wannan nauyi kuma ba su ƙosa ba. Maslach da Michael Leiter, a aikin da suka wallafa a 1997, sun nuna cewa ƙosawa tana tsirowa ne inda aka samu rashin jituwa tsakanin mutum da aikinsa ta fuskoki da dama, nauyi ɗaya ne kawai daga ciki. Akwai rashin ta-cewa a kan aikin, da rashin ganin sakamako, da rashin adalci, da rashin abokan tafiya, da saɓanin abin da mutum ya yarda da shi da abin da ake sa shi yi. A ganina rashin ganin sakamako shi ne ya fi cin yaranmu, kuma a kansa ya kamata a daɗe.

A shiga ajin lissafi a wata makarantar gwamnati. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 40 a babbar sakandare, amma a cikin manyan birane ba abin mamaki ba ne a ga sama da ɗari, wasu a kan benci, wasu a ƙasa, wasu a bakin taga. Malam ya shigo ya rubuta batun ranar a allo, ya warware misali guda da Turanci, alli yana gudu. Ya juyo ya ce, "Kun gane?" Aji ya amsa baki ɗaya, "Mun gane, Malam." Waɗanda suka gane ɗin ba su wuce layin gaba ba. Yaron da yake tsakiya ya kwafe komai tsaf, harafi bai ɓace masa ba, amma tun layi na biyu aka bar shi, domin a nan aka raba lamba da lamba, shi kuma tun firamare rabawa ba ta zauna masa ba, aka yi ta ciyar da shi gaba aji bayan aji. Ba zai ɗaga hannu ba, kada a yi masa dariya. Da dare sai ya buɗe littafin ya yi abin da ya iya, wato ya haddace. Ranar gwaji aka sauya lambobin, hadda ta rushe, ya ci 12 cikin 100. Ya ƙara awa guda a karatun dare, gwaji na gaba ya ci 15.

Me ake so wannan yaro ya fahimta daga abin da ya faru? Abin da hankali zai ba shi shi ne ƙoƙari da rashinsa duk ɗaya ne. Martin Seligman da Steven Maier sun nuna wannan a gwaje-gwajen da suka yi da dabbobi a Jami'ar Pennsylvania a 1967: halittar da ta saba cewa duk abin da ta yi ba ya sauya komai, takan daina gwadawa, ko da daga baya an buɗe mata hanyar tsira. Daga baya an ga irin wannan a jikin mutane. Yaron da muke kira maras zuciya sau da yawa zuciyar ce ta sha duka har ta koyi kwanciya. Ga kuma matsalar harshe a kan wannan. Da yawa daga cikin ɗalibanmu ba kemistiri ko tarihi ne yake ba su wuya ba, Turancin da aka naɗe darasin a ciki ne. Wanda yake karanta sakin layi sau uku kafin ya kama ma'anar jimla ɗaya yana yin aiki ninki biyu a kan kowane darasi, kuma babu wanda yake lissafa masa wannan.

Rashin ta-cewa kuma ya fi fitowa fili a ƙofar aji huɗu, lokacin da ake raba ɗalibai. A gidaje da yawa ajin kimiyya shi ne na 'ya'yan kirki, sauran azuzuwan na waɗanda suka rasa ne. Uba ya riga ya faɗa wa abokansa cewa ɗansa likita zai zama. Yaron da ransa yake ga adabi ko shari'a ko kasuwanci sai ya shafe shekara uku yana kokawa da fiziks domin burin wani. Edward Deci da Richard Ryan na Jami'ar Rochester, waɗanda suka shimfiɗa ra'insu a 1985, sun ce himmar da take fitowa daga cikin mutum tana rayuwa ne da abu uku: ya ji da zaɓinsa a cikin abin da yake yi, ya ji yana iyawa, ya kuma ji akwai waɗanda suka damu da shi. Tun 1971 Deci ya nuna cewa ɗaliban da aka biya kuɗi domin su warware wani wasan ƙwaƙwalwa sun rage sha'awar taɓa shi da aka daina biya. Wannan ba yana nufin kyauta haramun ce ba. Yana nufin alƙawarin sabuwar waya ko barazanar bulala suna iya tura yaro na mako biyu, amma ba su iya riƙe shi shekara uku.

Sai jarrabawa. Tun daga ƙarshen aji biyar ɗalibin makarantar gwamnati a jiha irin Kano yake fuskantar kwalifayin, wadda da ita ake tantance wanda gwamnati za ta biya wa kuɗin jarrabawar fita. A aji shida kuma ga ta gwaji, ga JAMB, ga WAEC, ga NECO, suna bin juna cikin 'yan watanni, kuma farkonsu yana faɗawa ne a tsakiyar bazara, lokacin da zafi a Sakkwato da Maiduguri yake haura digiri 40. Duk shekara goma sha biyun da yaro ya yi sai a ƙulle ta a kiredit biyar, har da Turanci da lissafi, da maki cikin 400 da zai samu a gaban kwamfuta cikin awa biyu, wataƙila kuma ranar ce ta farko ko ta biyu da ya taɓa zama gaban kwamfutar.

Abin da ya faru a 2025 ya isa misali. Cikin kusan mutum miliyan biyu da suka zauna JAMB, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 ba. Bayan 'yan kwanaki shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa an samu tangarɗar na'ura da ta shafi sakamakon mutum 379,997 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa. A watan Mayu na shekarar, takardar Turanci ta WAEC ta makara a wurare da dama har yara suka rubuta ta da dare da hasken tocila. Da sakamako ya fito aka ce kashi 38.32 cikin ɗari ne suka samu kiredit biyar da Turanci da lissafi, bayan 'yan kwanaki hukumar WAEC ta ce an yi kuskure wajen maki, adadin ya koma 62.96. Ya kamata a yaba wa wanda ya amsa kuskurensa. Amma 'yan aji huɗu da aji biyar suna kallo, kuma darasin da suka ɗauka shi ne ko ka yi karatu sakamakonka yana iya zama a hannun abin da ba ka da iko da shi.

Wanda ya fi wannan illa shi ne wanda yake faruwa kowace shekara ba a shelanta shi. Yaro ya kwana uku yana bita, abokinsa da bai san inda littafinsa yake ba ya koma wata makaranta a aji shida, inda ake biyan kuɗin "taimako", ya fito da kiredit tara. A gida kuma ga Yaya, da digirinsa a cikin akwati shekara huɗu, yana jan Adaidaita Sahu. Idan irin wannan yaro ya ce karatu ba shi da amfani, ba rashin tarbiyya ba ne yake magana, hujja ce ya kawo daga abin da idonsa ya gani, kuma hujja amsa take buƙata. Amsar gaskiya tana nan: takarda ba ta ba da tabbacin aiki, amma wanda ya iya karatu da rubutu da lissafi da gaske ba a cutarsa a kasuwa, ba a rufe masa ƙofar koyon wani abu nan gaba, wanda ya saya kuwa yakan tsaya cak a shekarar farko ta jami'a. Yara suna karɓar irin wannan magana in an yi musu ita ba da tsawa ba.

To ta ina ake farawa? Kafin komai a tabbata ba rashin lafiya ba ce. Zazzaɓin cizon sauro da yake tafiya yana dawowa, ƙarancin jini musamman ga 'yan mata da suka fara al'ada, idon da ba ya ganin allo daga nesa, fita makaranta ba karin kumallo, duk suna iya kama da ƙosawa, kuma gwajin jini ko tabarau ya raba gardama. Sannan a bambanta ta da ciwon damuwa. Wanda ya ƙosa da karatu yakan farfaɗo in an yi hutu, yana dariya a filin ƙwallo, yana cin abincinsa. Mai ciwon damuwa kuwa duhun yana bin sa ko'ina, ya ƙi ci, ya ƙi mutane, ya yi mako biyu ko fiye a haka. In har ya fara cewa gara ma ya mutu, ko an ga alamar ya koma ga ƙwaya, wannan ya wuce nasiha, a kai shi wurin likita a ranar. Akwai asibitocin da aka tanada domin haka a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Addu'a da zuwa asibiti ba kishiyoyi ba ne, kuma babu abin kunya a ciki.

In lafiya ce ƙalau, mataki na farko barci ne, kuma a nan iyaye ne suke da wuƙa da nama. A zauna a haɗa jimlar nan da ba a taɓa haɗawa ba. Wataƙila a ɗauke wa 'yar aji shida girkin dare na wata huɗu, wataƙila a je a roƙi malamin Islamiyya ya sassauta mata hadda har a gama jarrabawa, abin da malamai da yawa za su yi da farin ciki in an tambaye su. Waya kuma ta kwana a ɗakin Umma. Ba don ita ce tushen matsalar ba, sau da yawa mafaka ce yaro ya samu daga littafin da yake tsoro, amma tana cin awa biyun da ba shi da su.

Mataki na biyu shi ne wanda aka fi yi a juye. Mun ɗauka cewa sai himma ta zo sannan a yi karatu, shi ya sa muke ta zuba nasiha muna jiran ta kunna. Albert Bandura na Jami'ar Stanford ya nuna a 1977 cewa yardar mutum da iyawarsa tana da mafari da dama, mafi ƙarfinsu shi ne ya gwada abu da hannunsa ya ga ya yi nasara, lallashi da baki kuwa yana cikin masu rauni. Ke nan iyawa ce take jawo himma. Yaron nan na ajin lissafi ba ya buƙatar a sake ba shi labarin wane da ya yi karatu a ƙarƙashin fitilar titi. Yana buƙatar wani ya zauna da shi, ya bi baya-baya har ya gano inda aka bar shi, ko da a aji huɗu na firamare ne, ya ba shi tambaya biyar da zai iya, gobe biyar da suka ɗan fi su. Ranar da ya warware abin da jiya ya gagare shi, ba wanda zai ce masa ya ɗauko littafi. Yawan nasiha ma yana da tasa illar, kuma magabata sun san haka. Ya zo a Sahihul Bukhari, a babin ilimi, cewa Abdullahi ɗan Mas'ud ranar Alhamis kawai yake yi wa mutane wa'azi. Da aka roƙe shi ya riƙa yi kullum sai ya ƙi, ya ce yana gudun ya gundure su, kuma haka Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake zaɓar musu lokaci.

A nan akwai abin da ya daɗe yana ba ni mamaki. Hanyar karatun da bincike ya tabbatar ta fi inganci tana nan a ƙofar gidanmu, yaran ma sun tashi a cikinta, amma ba su ɗauke ta su shiga da ita boko. A makarantar allo ba a ba yaro shafi goma a rana. Ana rubuta masa abin da zai iya ɗauka, a biya masa, ya yi ta maimaitawa, sannan ya zo gaban malam ya kawo da ka. In ya kawo daidai ya wanke allo a yi masa ƙari, in bai kawo ba ya koma. Na baya kuma ba a barin sa, ana tilawarsa a kai a kai. Alhamis da Juma'a a huta. A dubi abin da yake cikin wannan tsari: ɗan kaɗan a lokaci guda, ba a wucewa sai an iya, ana gwada kai ba tare da duba rubutu ba, ana komawa baya bayan kwanaki, kuma yaro yana ganin ci gabansa da idonsa duk ranar da ya wanke allo. Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna tun 1885 cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko, kuma bitar da aka rarraba a kan kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka ba ɗalibai wani rubutu, wasu suka yi ta sake karantawa, wasu suka karanta a zama ɗaya kawai sannan suka yi ta ƙoƙarin tuno shi da ka. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda sai lamarin ya juya: masu tunowa da ka sun riƙe kimanin kashi 61 cikin ɗari, masu sake karantawa kashi 40. Abin da ya kamata ɗalibi ya aro daga allo shi ne tsarin, ba hadda ba tare da fahimta ba, domin lissafi da kimiyya sai an gane dalili. Ya karanta shafi biyu, ya rufe littafi, ya bayyana wa kansa ko abokinsa da Hausa abin da ya fahimta, ya buɗe ya ga inda ya kauce. Awa guda a haka ta fi kwana a zaune, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Zaɓi kuma ana iya dawo da shi ko da kaɗan ne. Yaron da aka ga kimiyya ta ƙi shi tun aji huɗu, sauya masa aji ba faɗuwa ba ce, kuma gara a yi da wuri kafin a yi rajistar jarrabawa. Wanda ya riga ya yi nisa, a bar shi ya tsara jadawalinsa da kansa, ya zaɓi darussa biyar ko shida da makomarsa ta rataya a kansu ya ba su mafi yawan ƙarfinsa. A bar masa yammaci guda a mako da ba na kowa ba ne sai nasa, ya buga ƙwallo, ko ta je gidan ƙawa a yi kitso.

Sai kuma mutum guda da zai tambaya ya saurara. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malamin ba da shawara a makarantu, amma a wurare da yawa ofishin suna ne kawai, wanda aka ba shi ma yana da azuzuwa shida da yake koyarwa. A gida kuma tambayar da uba ya saba yi ita ce, "Na nawa ka zo?" Da zai sauya ta wata rana, bayan an idar da sallar isha'i, ya ce, "Zo nan, Abba. Wane darasi ne yake ba ka wuya?" sannan ya yi shiru ya jira, zai ji abin da bai taɓa zato ba. Ba sai uba ya san kemistiri ba. In shi ba zai iya ba, akwai kawu, akwai yaya, akwai malamin da yaron yake sakin jiki da shi.

Ba daidai ba ne a ɗora wa yaro ɗan shekara 16 da iyayensa gyaran abin da ba su suka ɓata ba. Jadawalin barci ba zai rage aji mai mutum 120 ba, kuma ba zai rufe wuraren sayar da amsa ba. Wannan aikin hukuma ne, kuma a ci gaba da neman sa a wurinta. Amma akwai abin da shugaban makaranta zai iya yi bana ba tare da ya jira kobo daga ma'aikatar ilimi ba. A makonni biyun farko na aji huɗu a yi wa kowane ɗalibi ɗan gwajin karatun Turanci da lissafin firamare, ba don maki ba, ba kuma a kafe sakamakon a allon sanarwa ba. Waɗanda aka ga an bar su a baya a ware musu awa uku a mako a zangon farko, a koya musu da harshen da suke ji, 'yan aji shida masu ƙoƙari su taimaka. A taron iyaye da malamai na zangon kuma a gayyaci malaman Islamiyyun unguwa, a ɗora jadawalin yini guda na ɗalibi a kan tebur, kowa ya faɗi rabin awar da zai iya saki.